Sabon Asusu a AWS Ba Ya Shiga Ajiya da Kansa

Tambaya: Malam, assalamu alaikum. Ni ne mai kula da kwamfutoci a wani kamfanin rarraba kayan masarufi da ke Aboabo, nan Kumasi. Bayanan cinikinmu suna kan AWS, wato sabis ɗin kamfanin Amazon na ajiye bayanai da gudanar da manhajoji ta intanet, kuma tun farko muna ɗaukar kwafin ajiya da AWS Backup a asusu ɗaya. Bana mun buɗe wasu asusu biyu, ɗaya na reshen Accra, ɗaya na gwajin manhaja. Ta yaya zan sa ajiyar ta haɗa da su ba tare da na riƙa shiga kowanne ina saitawa da hannu ba?

Amsa: Wa alaikumus salam, ɗan'uwa. Abin da kake nema yana nan, amma ka fara cire tunanin cewa buɗe sabon asusu a ƙarƙashin sunan kamfani ya isa ya sa shi cikin kariya, domin a wurin AWS kowane asusu gida ne mai zaman kansa da katangarsa, kuma tsarin ajiyar da ka kafa a gidan farko ba ya leƙa na maƙwabta.

Hanyar ita ce AWS Organizations, wanda ke tattara asusu da yawa ƙarƙashin babban asusu guda. AWS Backup ya fito a 2019, a 2020 kuma aka ba shi ikon sarrafa ajiya a asusu daban-daban ta wannan hanya. Za ka gayyato sababbin asusun biyu cikin ƙungiyar, ka tabbatar an kunna dukkan fasalolinta, ba haɗa lissafin kuɗi kaɗai ba, sannan ka rubuta ƙa'idar ajiya guda wadda za ta faɗi lokacin ɗaukar kwafi, kwanakin da za a riƙe shi, da yankunan da za ta yi aiki, wato wuraren da AWS ke da cibiyoyin kwamfutocinsa a duniya. Idan ka rataya ƙa'idar a kan rukuni, wato tarin asusun da ka haɗa wuri guda a cikin ƙungiyar, duk asusun da aka saka cikin rukunin zai gāje ta, har da wanda za ku buɗe baɗi. Shawarata ita ce ka raba rukunin ciniki da na gwaji, don babu dalilin biyan dala wajen riƙe kwafin gwaji na shekara guda, ga yadda canjin sidi yake.

Inda mutane ke faɗuwa kuwa shi ne bayan wannan. Ƙa'idar tana ambaton sunan rumbun da za a zuba kwafi da sunan izinin da zai yi aikin a IAM, wato tsarin ba da izini na AWS, amma ba ta ƙirƙirar ko ɗaya daga cikinsu. Dole rumbun da izinin su kasance a cikin kowane asusu da sunan da aka rubuta, harafi da harafi, rumbun kuma a kowane yankin da ka lissafa. In babu su, za ka ga ƙa'ida a rataye kamar komai lafiya, alhali ko kwafi ɗaya ba a ɗauka ba. Maganin wannan shi ne CloudFormation StackSets, wanda za a iya saita shi ya gina rumbu da izini da kansa a duk asusun da ya shigo rukuni. Haka nan idan ƙa'idarka tana zaɓen abin da za ta ajiye ta hanyar tambari, wato alamar suna da ake manna wa abu a AWS, to duk sabar ko ma'adanar bayanan da abokan aikinka na Accra suka kafa ba su manna mata tambarin ba, tana waje. Ka duba yanki ma, domin idan su sun zaɓi Cape Town, wanda aka buɗe a Afrilun 2020 kuma sai an kunna shi da hannu a kowane asusu, ƙa'idarka kuma Ireland kaɗai ta ambata, to ba a taɓa su ba.

Akwai abin da ba ka tambaya ba, wanda a ganina ya fi duk waɗannan nauyi: kada kwafin ya kwana a asusun da bayanan suke. A Yunin 2014 wani ya samu shiga allon sarrafa AWS na kamfanin Code Spaces, ya goge bayanai tare da kwafinsu da ke wuri guda, kamfanin ya rufe ke nan. Saboda haka ka buɗe asusu na huɗu wanda ba ya aikin komai sai karɓar kwafi, mutum biyu kaɗai ke da hanyar shigarsa, da tantancewa mai mataki biyu. Ka kunna kwafi tsakanin asusu daga babban asusu, ka ba rumbun can izinin karɓa daga ƙungiyarku. A nan makullin ɓoye bayanai zai iya tare ka, domin faifan sabar, wato EBS, ko ma'adanar bayanai, wato RDS, da aka kulle da makullin da AWS ke bayarwa kai tsaye ba sa ƙetarawa zuwa wani asusu, sai an kulle su da makullin da ka ƙirƙira da kanka a KMS, wato sabis ɗin makullai na AWS, ka raba shi da wancan asusun. Idan ka ga dama ka sa Vault Lock a rumbun, wato makullin da ke hana goge kwafi kafin wa'adinsa, amma ka yi hattara da nau'insa mai tsauri, wanda bayan wa'adin sassauci na aƙalla kwana 3 ba mai iya cire shi, ko AWS ɗin kansa, kuma za ka biya kuɗin ajiyar har kwanakin da ka rubuta su cika.

Tunda kuna riƙe da sunaye da lambobin wayar abokan ciniki, Dokar Kare Bayanai ta Ghana ta 2012, wato doka mai lamba 843, ta ɗora muku kiyaye su, kwafin ma yana ciki. Bayan kwana biyu da kafawa, ka buɗe allon sa ido na asusu duka ka ga ko aikin kowanne ya kammala, sannan ka dawo da ma'adana ɗaya daga asusun ajiya a matsayin gwaji, ka rubuta mintunan da ta ɗauka.

Tambaya: Malam, ina sayar da atamfa a Kejetia, ina da waya uku, tawa da ta yarana biyu na shago, kowace da nata Gmail. Zan iya tara ajiyar WhatsApp ɗinsu wuri ɗaya?

Amsa: Za ki iya, Hajiya. Ki ƙara asusun Google na shago a kowace waya, sannan a saitin ajiyar hira na WhatsApp ki zaɓe shi, kowace lamba za ta samu nata kwafin a ciki. Sai dai gigabait 15 na kyauta Gmail da Drive da Photos ne ke rabawa, kuma tun 2024 ajiyar WhatsApp ta wayoyin Android tana ci daga ciki, don haka ki cire bidiyo daga ajiyar ko ki sayi ƙarin wuri. Lambar dawo da asusun ta zama taki, kuma ranar da yaro ya bar aiki ki cire asusun daga wayarsa ki canza kalmar sirri.