Kuɗin bincike ko kuɗin magani?

Tambaya: Anti, barka da aiki. Ƙanena ya shekara 2 yana fama da ciwon damuwa kafin mu gane ciwo ne. Yanzu yana shan magani, kuma da sauƙi. Sai ga shi ina jin ana kira ga gwamnatoci su ƙara kuɗi a binciken lafiyar ƙwaƙwalwa da wayar da kai. Ni dai a ganina gara a sayi magani a gina asibiti. Ko na yi kuskure? Daga wata mai karatu.

Amsa: Allah ya ƙara masa lafiya, ƙanwata. Amma ki sake duba wasiƙarki. A waccan shekara 2 ai maganin yana nan, ku ne ba ku san ku nema ba. Lokacin da nake aikin jinya na sha ganin irinsa: saurayi ya daina wanka, ya rufe ɗaki, abinci ya huce a bakin ƙofa, 'yan gida suna ta faɗa wai lalaci ne. Da a ce mutum ɗaya a gidan ya taɓa jin alamomin a rediyo, da ba a kai haka ba. Aikin kuɗin wayar da kai ke nan.

Kuma kasafin da muke gardama a kansa bai taka kara ya karya ba. Alƙaluman Hukumar Lafiya ta Duniya sun nuna cewa a 2019 mutum 1 cikin 8 a duniya na da wata matsalar ƙwaƙwalwa, amma abin da gwamnatoci ke ware wa fannin bai wuce kusan kashi 2 cikin 100 na kasafin lafiya ba. Wannan ɗan ma, mafi yawansa manyan asibitocin masu taɓin hankali ke lashe shi, inda irin ƙanenki ba sa zuwa.

Batun bincike kuwa, ga abin da ya sa na daina raina shi. A Harare, babban birnin Zimbabwe, likita Dixon Chibanda ya horar da tsofaffin mata su zauna a benci a harabar ƙananan asibitoci, su saurari mai damuwa, su taya shi warware matsalolinsa ɗaya bayan ɗaya. Ni kaina da farko dariya abin ya ba ni. Sai aka gwada shi a kan mutum 573, sakamakon ya fito a 2016. Bayan wata 6, kusan kashi 14 cikin 100 na waɗanda suka zauna a bencin ne ke da sauran alamun ciwon, a rukunin da bai zauna a bencin ba kuwa kusan rabi. Kuɗin gwajin daga wata cibiya da gwamnatin Kanada ke ɗaukar nauyinta ya fito. Wane kamfanin magani ne zai biya kuɗin binciken benci? Ba shi da abin sayarwa a ciki.

Kada ƙanenki ya yanke magani ko da ya ji sauƙi, sai likitansa ya ce.