Tambaya da Amsa: Ziyarar Surin a Ƙarshen Damina

Tambaya: Assalamu alaikum. Ni manomin shinkafa ne a Dadin Kowa, jihar Gombe, kuma na daɗe ina burin in ga yadda ake noman shinkafar nan mai ƙamshi 'yar Tailan. An ba ni shawarar in je birnin Surin a tsakiyar Oktoba, wai a lokacin ruwa ya ɗauke. Shin lokacin ya dace, kuma wane shiri zan yi?

Amsa: Wa alaikumus salam, Malam, Allah ya sa albarka a gona. Wanda ya ambata maka Surin bai ɓatar da kai ba, domin lardin yana cikin yankin arewa maso gabashin Tailan da ake kira Isan, kuma wani ɓangare na filin Thung Kula Rong Hai, wanda ya yi suna da shinkafar hom mali, wato mai ƙamshin da kake nufi, yana cikinsa. Sai dai ina ba ka shawara ka ɗaga tafiyar zuwa Nuwamba.

Daminarsu takan faro ne a Mayu ta kai Oktoba, amma ɗaukewar ruwan sama ba ita ce janyewar ruwan ƙasa ba. Satumba na cikin watannin da ruwa ya fi yawa, kuma kogin Mun da ya ratsa yankin yakan cika ya tumbatsa har cikin Oktoba, kamar yadda ya yi wa birnin Ubon Ratchathani da ke bakinsa ambaliya a 2019 da 2022. Babban dalilin kuwa yana jikin shinkafar kanta. Irin da suka fi ji da shi, Khao Dawk Mali 105, ba ya fitar da kai sai yini ya fara gajarta, saboda haka yakan yi fure wajen ƙarshen Oktoba, girbi kuma ya kankama a Nuwamba. Idan ka je da wuri, koren ganye kawai za ka tarar, alhali abin da zai amfane ka shi ne yanka, da shanya, da yadda injinan casa suke tantance ƙwaya. Wannan ɗabi'a ta irin ita ce kuma ta sa ba zan ƙarfafa maka gwiwar sayo shi domin noman rani a bakin madatsar Dadin Kowa ba, balle ma shigo da iri yana buƙatar izinin NAQS, hukumar killace kayan noma ta Najeriya.

Ka nemi biza kafin ka tashi, ka kuma riƙe katin rigakafin cutar shawara, domin ana neman sa daga matafiyan Najeriya. Daga Bankok akwai jirgin ƙasa mai zuwa Ubon da ke tsayawa a Surin. Ka kama masauki tun da wuri, domin bikin giwaye na shekara-shekara da ake yi a Nuwamba yakan cika otal-otal.

Kada ka shiga fadama ba tare da takalmin roba mai tsawo ba, ko da ka saba yin haka a gida, saboda ƙasar Isan tana ɗauke da ƙwayar cutar melioidosis, wadda ke shiga jiki ta rauni, kuma ta fi tsanani ga masu ciwon sukari. Sauron da ke yaɗa zazzaɓin dengue kuma da rana yake cizo, don haka gidan sauro kaɗai bai wadatar ba, sai ka haɗa da man shafawa.

Musulmi kaɗan ne a Isan, naman alade kuma ya yawaita a girkinsu, saboda haka ka riƙa duba tambarin halal a jikin kayan gwangwani, ka dogara da kifi da ƙwai da 'ya'yan itace. Surin tana iyaka da Kambodiya, inda aka gwabza faɗa a Yulin 2025 har aka kwashe mazauna ƙauyukan bakin iyaka, don haka ka tuntuɓi ofishin jakadancin Tailan da ke Abuja kan halin da ake ciki kafin ka biya kuɗin tikiti.