Fursunonin da aka tura fagen daga

Tambaya: Malam, na taɓa kallon wani tsohon fim na yaƙi inda aka ɗebo sojojin da ke kurkuku aka tura su aikin da ba a sa ran za su dawo da rai. Don Allah mene ne sunansa, kuma shin abin ya faru da gaske? Daga wani mai karatu a Zariya.

Amsa: Malam, bisa bayaninka, fim ɗin shi ne The Dirty Dozen na 1967, wanda Robert Aldrich ya ba da umarni, aka kuma ɗauko labarinsa daga littafin E. M. Nathanson na 1965. Lee Marvin ne ya fito a matsayin Manjo Reisman, wanda aka damƙa wa fursunoni 12, wasunsu suna jiran rataya, domin ya horar da su su afka wa wani katafaren gida a Faransa inda hafsoshin Jamus suke hutawa, gab da saukar sojojin ƙawance a gaɓar Normandi ta Faransa a 1944, lokacin Yaƙin Duniya na Biyu. An yi musu alkawarin sassauta hukunci, amma a cikinsu Charles Bronson kaɗai ya tsira.

Wurin da ya fi tsaya mini a rai shi ne inda aka kulle hafsoshin da matan da ke tare da su a ɗakin ƙarƙashin ƙasa, aka kwarara musu fetur ta ramukan shan iska, sannan Jim Brown, wanda ya fito a matsayin ɗaya daga cikin fursunonin, ya sheƙa da gudu yana jefa gurneti. A nan mai kallo yakan gane cewa hukuma ta nemo waɗannan mutane ne saboda halin da ya kai su kurkuku tun farko.

Masu sha'awar finafinan Indiya za su tuna Karma na 1986, inda Dilip Kumar ya ɗauki mutum uku da aka yanke wa hukuncin kisa domin su yaƙi Dakta Dang.

Labarin Reisman dai ƙirƙira ne, sai dai tarihi ya san makamancinsa, kuma ya fi muni. A watan Yulin 1942 shugaban Tarayyar Soviet, Stalin, ya ba da umarnin kafa rundunonin ladabtar da sojojin da suka yi laifi, waɗanda ake turawa wurare mafi haɗari. Jamus kuwa tun 1940 ta tara fursunoni masu laifin farauta ba da izini ba ƙarƙashin Oskar Dirlewanger, kuma wannan runduna ta yi wa fararen hula kisan gilla a Belarus da birnin Warsaw.