Ga 'yar'uwar da ta tambaya kan yaron da 'yan sanda suka harbe a makaranta

Assalamu alaikum. 'Yar'uwa, tun jiya da dare na ga tambayarki, amma na kasa amsawa a lokacin saboda ta fama min wani tsohon miki. Kin ce kin ga labarin yaron da 'yan sanda suka harbe a cikin makaranta a nan Amurka, kina son sanin laifin wa, iyayensa ko waɗanda suka yi harbin. Sai a can ƙasa kika ƙara layi ɗaya, cewa naki ɗan mai shekara 15 ya canza miki, har makaranta ta kira ki sau biyu. Wannan layin ne ya hana ni barci, kuma a kansa zan fi daɗewa.

Na yi shekaru ina aikin mataimakiyar malama a wata makarantar ƙaramar sakandare, kuma ni kaɗai na riƙe ɗana bayan rasuwar mahaifinsa. Yana shekara 14 ya fara rufe ƙofa. Yaron da a da sai na ce masa ya yi shiru in ji da kaina, ya koma "eh" da "a'a". Da dare ina hango hasken waya ta ƙasan ƙofarsa har ƙarfe biyu. Makinsa ya zube. Mai ba ɗalibai shawara ta kira ni ta ce ya ture wani yaro, ta kuma ce tana ganin akwai abin da ke damunsa. Kin san me na ce mata? Na ce ba komai, ƙuruciya ce, zan yi masa faɗa. Kunya ce ta sa na faɗi haka. Ina aiki a makaranta, ina ganin 'ya'yan wasu, ban so a ce nawa ne yau ake magana a kansa ba.

Wata Lahadi da yamma na buɗe jakarsa don in ciro kayan wasannin da suka kwana biyu ba a wanke ba. Hannuna ya taɓa wani abu mai nauyi a naɗe cikin riga. Bindiga ce. Sai da na zauna a ƙasa, don ƙafafuna sun ƙi ɗauka ta. Da na juya ta a haske na gane irin ta iska ce, mai harba 'yan ƙwallayen roba. Irinsu ana sayar da su da baki mai launin ruwan lemo don a bambanta su da ta gaske, to shi ya bi bakin da baƙar maka ya shafe, har tawadar ta ɗan kama min yatsa. Ni da nake riƙe da ita a hannuna, a cikin ɗakina, ba mai tsorata ni, sai da na ɗauki lokaci kafin in gane. Ina ga ɗan sandan da zai hango ta daga ƙarshen baranda, yara na gudu suna ihu?

Da ya shigo ban yi masa ihu ba, Allah ne ya riƙe min harshe. Na ajiye ta a kan gado tsakaninmu na ce, "Faɗa min." Ya daɗe yana kallon ƙasa, sannan ya ce wasu yara uku ne suka sa shi a gaba tun farkon zango, a tashar bas da cikin bayi, suna ɗaukarsa bidiyo suna yaɗawa. Ya ce, "Mama, nuna musu kawai zan yi su ƙyale ni." A ransa ya gama tsara yadda za su tsorata su gudu. Bai taɓa kawo ɗan sandan makaranta cikin lissafinsa ba.

Abin da yara ba su sani ba ke nan, kuma iyaye da yawa ba mu zaunar da su mun faɗa musu ba. A watan Janairun 2012, a Brownsville ta jihar Texas, 'yan sanda sun harbe wani ɗalibi ɗan shekara 15 a barandar makarantarsu, daga baya aka gano bindigar iska ce a hannunsa. Sun ce sun yi ta umartarsa ya ajiye bai ajiye ba. A 2006 ma an yi irin haka a wata makaranta a Florida, shi ma ɗan shekara 15. Dokar ƙasar nan ba ta tambayar ko bindigar ta gaske ce. Tun 1985 Kotun Ƙoli ta ce ɗan sanda na iya harbin kisa idan yana da ƙwaƙƙwaran dalilin ganin mutum zai kashe ko ya yi wa wani mummunan rauni, a 1989 kuma ta ƙara da cewa za a auna abin da ya yi ne da idon jami'i mai hankali da ke tsaye a wurin a wannan daƙiƙar, ba da idon wanda ya san ƙarshen labari ba. Sannan tun bayan harin bindiga da aka kai makarantar Columbine a 1999 horon da ake ba su ya koma a kutsa kai tsaye a tsayar da mai bindiga. A wata makarantar firamare a Uvalde ta jihar Texas a 2022 jami'ai sun yi jinkirin minti 77 kafin su tunkari mai harbin, yara 19 da malamai biyu suka mutu, ƙasa ta yi musu ca. Duk ɗan sandan da aka kira makaranta yau da wannan a ransa yake shiga.

Kada ki ɗauka ina wanke su ne. Ba kowane harbi ne dole ba. A Cleveland a 2014 an harbe yaro ɗan shekara 12 mai bindigar wasa a filin shaƙatawa, cikin kamar daƙiƙa biyu da tsayawar motar 'yan sanda, kuma wanda ya kira lambar gaggawa ya faɗa cewa wataƙila ta bogi ce, saƙon bai kai ga 'yan sandan ba. Idan yaro yana kulle shi kaɗai a bayi, ba kowa a hannunsa, me zai hana a ja baya, a jira, a kira uwarsa ko malamin da yake jin maganarsa? Babba mai horo da albashi da rigar sulke ya kamata a tambaye shi fiye da yadda za a tambayi yaro mai shekara 15. Mu kuma masu baƙar fata mun san 'ya'yanmu maza ana yi musu kallon manya tun ba su kai ba. Wannan yana cikin abin da ya sa jikina ya mutu ranar da na ga jakar nan.

Amma ɗan sanda a ƙarshen labari yake shigowa. Kafin ya iso, yaron ya bi ta hannun manya da yawa na tsawon watanni. Ki dubi abin da ya faru a Oxford ta jihar Michigan ranar 30 ga Nuwamba 2021. Da safe malama ta ga zanen da wani ɗalibi ya yi, akwai bindiga da jini, ya rubuta cewa tunanin ya ƙi tsayawa, a taimake shi. Aka kira iyayensa, James da Jennifer Crumbley. Kwana huɗu kafin nan uban ya saya masa bindiga ta gaske. Suka zauna a ofis, ba su ambaci bindigar ba, ba su tafi da shi gida ba, ba wanda ya buɗe jakarsa. Bayan 'yan sa'o'i ya kashe ɗalibai huɗu. A 2024 kotu ta sami iyayen biyu da laifin kisa ta hanyar sakaci, aka yanke wa kowannensu shekara 10 zuwa 15. Duk sanda na tuna zaman ofis ɗin nan sai in tuna kaina a waya ina cewa ba komai. Tazarar da ke tsakanina da su ba ta kai yadda nake so ba.

Shi ya sa ba na iya shiga sahun masu cewa "ina iyayensa suke" da zarar an ga irin wannan labari. Na san uwar da ta yi aiki biyu, ta kai ɗanta asibiti aka sa ta a layin jira na watanni, ta roƙi makaranta har ta gaji. Irinta ba sakaci ta yi ba, ƙarfinta ne ya ƙare. Wanda nake ɗora wa laifi shi ne wanda aka nuna masa alama ƙarara ya kau da kai don kada a ce, ko ya bar makami inda hannun yaro zai kai.

To ga abin da na yi, ki ɗauki wanda ya yi miki. Washegari na ɗauki hutun aiki, na tafi makarantarsu da ƙafata, na nemi matar da na yi wa ƙarya na ce mata ta yi gaskiya. Na sa aka rubuta ƙorafin cin zalin a takarda aka ba ni kwafi, don maganar baki tana ɓacewa. Na nemi likitan yara ya tura mu wurin masaniyar halayyar matasa. Zama uku na farko ko uffan bai ce mata ba, na huɗu ya fito idonsa ja. Na kuma faɗa masa gatsal, ba ɓoye-ɓoye, cewa zan riƙa duba jakarsa da wayarsa, ya yi fushi na mako biyu, na jure. Sannan na zaunar da shi na gaya masa abin da ban taɓa zaton zan gaya wa ɗana ba: idan ɗan sanda ya ce ka ajiye, ka saki ko mene ne a hannunka, ko waya ce, ka buɗe tafukanka, bayani ya biyo baya.

Abu ɗaya kuma da nake roƙonki. Idan wata rana ya rikice miki a gida, yana maganar cutar da kansa, kuma ba makami a hannunsa ba wanda ke cikin haɗari a take, ki fara kiran 988, layin masu matsalar damuwa da aka buɗe a 2022. Masu 911, lambar kiran gaggawa, sau da yawa 'yan sanda za su turo miki, su kuma da bindiga a ƙugu suke zuwa.

Kin ce sau biyu suka kira ki. Kada ki jira na uku, ki kira su da kanki gobe da safe ki ce kina son zama da mai ba da shawara, ke da ita, kafin a shigo da yaron. Idan kina jin nauyin zuwa ke kaɗai ki yi min magana ta akwatin sirri, zan gaya miki tambayoyin da na yi musu. Nawa yanzu shekararsa 22, yana koyon aikin lantarki, jiya ma shi ya zo ya gyara min fitilar kicin.