Amsar tambayar da ka yi mini a zaure

Yaya, ina gaisuwa, da fatan kai da iyali da dukan mutanen Jega kuna lafiya. Ranar da za mu taso ka tsare ni a zaure ka ce, "Wagga wace irin waƙa ta ɗanka ka saurare? Haka ku ka barin ɗiya can?" Mota tana jira, ga nauyin da ya kama ni, sai na ce zan rubuto maka in mun sauka Amurka.

Abin da yaron nan na jami'a ya fassara maka daga waƙar rap ɗin, wato gambarar zamani, bai yi ƙari ba. Akwai ashar a ciki, akwai zagin uwa, akwai kiran mata da sunan dabba, har da kalmar nan da aka riƙa wulaƙanta bayi baƙar fata da ita. Ba zan wanke wannan ba. Su kansu Amurkawa sun daɗe suna faɗa a kai. Tun 1985 matan wasu manyan 'yan siyasa suka tayar da maganar har gaban majalisar dattawa, daga 1990 kuma aka tsayar da tambarin nan mai baƙi da fari da ake mannawa a jikin faifai don gargaɗin iyaye. Gidajen rediyo ma wadda aka tsame wa ashar suke sakawa.

Amma ka san inda aka haifi wannan gambarar zamani? Unguwar da nake zaune, Bronx, a birnin New York. Akwai wani dogon gida mai lamba 1520 a titin Sedgwick, nakan wuce shi da tasi. A nan ne ranar 11 ga Agusta 1973 wani saurayi ɗan asalin Jamaika, DJ Kool Herc, ya haɗa kiɗa a bikin da ƙanwarsa ta shirya don ta samu kuɗin kayan komawa makaranta. Shekarun nan unguwar cin wuta take yi, wasu masu gidaje da kansu suke sa a cinna don su karɓi kuɗin inshora. Yara suka taso cikin kangaye, ba aiki, ba mai waiwayarsu, ba su mallaki komai ba sai baki. Sai suka shiga yi wa kansu kirari: ni ne wane, daga bola na fito, gobe duniya za ta san sunana. Farkon da na fahimci haka, Kassu Zurmi ya faɗo mini a rai da 'yan taurinsa, da kuma Gambu da muke laɓewa mu saurara a tasha, alhali Baba ya hana a kawo kaset ɗinsa gida.

Wannan kirarin shi ke riƙe yaranmu, fiye da ashar ɗin. Yaron da aka haifa nan, baƙi, Musulmi, ubansa na tuƙin tasi awa goma sha biyu, ana yi wa sunansa dariya a aji, in ya ji labarin mawaƙi Jay-Z da ya taso a gidajen gwamnati na Marcy a Brooklyn har a 2019 aka ƙiyasta dukiyarsa ta kai dala biliyan ɗaya, sai ƙirjinsa ya buɗe. Waƙoƙin cike suke da uwa mai aiki biyu, da malamin da ya ce ba za ka zama komai ba, da daren da aka kwana ba wuta.

Wani dare na ɗauko ɗanka daga wurin ƙwallo, ya toshe kunnuwa yana gyaɗa kai. Na faka a gefen titi, na ce ya sa a lasifikar mota ya fassara mini da Hausa, baiti bayan baiti. Ya fara da zumuɗi, yana cewa mutumin na tuna lokacin da uwarsa ke ƙirga sulalla a kan teburi don biyan haya. Da aka zo wani wuri sai ya yi tsit, ya sunkuyar da kai yana murza igiyar takalminsa. Na ce ci gaba. Ya ce, "Baba, wannan ba ya faɗuwa da Hausa." Ban ƙara komai ba, na tada mota. Tun daga ranar, wadda aka tace yake sakawa in yana gida, ba tare da na sa shi ba.

Yawancinmu a nan haka muke yi. Duka dai babu shi, don in ya yi tsanani doka ba ta bari, kuma ƙwace waya aikin banza ne, tunda gobe zai ji a wayar abokinsa a jirgin ƙasa. Abin da muka riƙe shi ne makarantar Asabar da Lahadi a masallaci, da ƙa'idar cewa ashar ba ya ƙetare ƙofar gida ko da wane harshe ne. A suna ko ɗaurin aure, dattawa kan ja mai sa kiɗa gefe tun kafin a fara. Ba kowane gida ke dacewa ba. Na ga iyayen da suka yi iya ƙoƙarinsu, titi ya fi ƙarfinsu.

Abin da ke hana ni barci kuwa, Yaya, yunwar suna ce. Cikin mawaƙan nan, an harbe Tupac a 1996 yana da shekara 25, an harbe Biggie a 1997 yana da 24. Pop Smoke shekararsa 20 aka kashe shi a Los Angeles a 2020, jim kaɗan bayan adireshin gidan da ya sauka ya fito a hoton da ya sa a intanet. Yanzu akwai wani salo a unguwarmu da yara ke yi wa gawar abokin gaba zambo don a kalle su da yawa, washegari a zo ramuwa da bindiga. Kai ma ka nuna mini yadda wasu 'yan bindigar daji ke baje damin kuɗi a TikTok, samarin gari na ta yaba musu. Wannan nake sa wa ido a kan ɗanka, ina lura da su wa yake yabo da kuma abin da yake yabonsu a kai.

Ya ce in tambaye ka ko kaset ɗin Ɗanƙwairo na Baba suna nan cikin adaka, don wanda ka sa masa da dare ya tsaya masa a rai, yana son ya ji yadda 'yan amshi ke karɓa. In suna nan, a sa yaran su juye a waya su turo. A gaida Inna da kyau, a ce mata maganin ƙafar yana hanya.