Fallen girafait a kan furosesa: yana iya ƙona na'ura?

Tambaya: Malam, ina gyaran waya da kwamfuta. Na sayi fallen girafait (baƙin sinadarin da ke cikin fensir) zan sa a madadin man rage zafi da ake shafa wa furosesa, wato ƙwaƙwalwar na'ura. Wani abokin sana'a ya ce zai iya kashe na'ura, wani kuma ya ce baƙar roba ce kawai. Kayan mutane ne, hankalina bai kwanta ba. Wa ke da gaskiya?

Amsa: Na farko ne da gaskiya, ɗan'uwa. Amma fara duba wane iri ka saya. Siririn fallen da ke cikin waya, wanda ake gasa wata leda mai jure zafi da ake kira foliyimaid a zafin da ya kusa digiri 3000 na Salsiyas a samar da shi, yana baza zafi ne ta shimfiɗarsa: wat 700 zuwa 1900 a mita-kelbin (ma'aunin yadda abu ke wuce da zafi), alhali jan ƙarfe 400 ne. Ta kaurinsa kuwa da ƙyar ya kai 20. Aikinsa ya kwashe zafi daga wuri guda ya watsa, kada bayan waya ya ƙona hannu. Na kan furosesa daban ake ƙera shi.

Sai batun "roba ce kawai". Wannan magana ta ishe ni, kullum sai na ji ta a bakin masu koyon gyara a bidiyon intanet. Girafait yana ɗaukar lantarki. Da shi ake yin burushin cikin injin lantarki mai juyawa, shi ne kuma a ɓangare ɗaya na batirin litiyam. Abin da ke ruɗin mutane shi ne ledar da masana'anta ke lulluɓe shi da ita. Da zarar ka sa almakashi, gefen ya fito tsirara, garinsa ya zube a kan allo. Ƙwaya ɗaya ta faɗa tsakanin ƙananan kafasitocin (masu adana lantarki) da ke kewaye da furosesa, shi ke nan, shot, wato wuta ta haɗe. Sannan mai gyara ya rantse wa mai kaya cewa dama allon ya tsufa! Mitar gwajin lantarki da ke kan teburinsa fa? Ya ɗora ta a kan gefen fallen da ya fito tsirara, zai ji ta yi ƙara.

Idan za ka sa, cire batir tukuna. Yanka shi nesa da allo, daidai faɗin furosesa, rufe kafasitocin da tef mai jure zafi, kuma kada ka mayar da wanda ya yage ko ya karye.