Man zafi, targaɗe da 'yan ƙwallo: likita ya amsa tambayoyin masu horarwa

Likita, barka da aiki. Ina horar da matasa 'yan ƙwallo a Unguwar Rogo da ke Jos. Mene ne bambancin man zafi da jel ɗin diclofenac da ake sayarwa a kemis?

Man zafi, mai ɗauke da menthol ko methyl salicylate, fata yake ɗumamawa ko ya sanyaya ta, sai hankali ya kau daga ciwon. Jel ɗin diclofenac kuwa yana ratsa fata ya rage kumburi da raɗaɗi a gaɓar da ke kusa da fata, kamar idon sawu, gwiwa da wuyan hannu. Babu wanda ke haɗa jijiyar da ta yage a cikinsu.

Nawa ake shafawa, kuma har zuwa yaushe?

Ga jel ɗin diclofenac mai ƙarfin kashi 1 cikin 100, giram 2 zuwa 4 ne, sau uku ko huɗu a rana. Idan ka matso shi daga kan ɗan yatsa manuni zuwa gaɓar farko, kusan rabin giram ke nan, don haka irin wannan huɗu ya ishi idon sawu. A shafa a hankali a kan busasshiyar fata, a wanke hannu, a duba lambar NAFDAC da ranar lalacewa kafin a saya. Kada a shafa wa yaron da bai kai shekara 14 ba sai da izinin likita. In an yi mako guda ba sauƙi, a zo asibiti.

Likita, idan yarona ya yi targaɗe a fili, nakan murza masa man zafi sosai, in ɗaure da bandeji tamau ya ƙarasa wasa. Da dare mu gasa da ruwan zafi, in bai saki ba mu kai wa mai ɗori. Akwai laifi?

Koci, akwai, kuma wannan tambayar ce ta fi tsaya mini a rai, domin kusan kowane filin unguwa haka ake yi, daga Gangare har Bukuru.

Sabon targaɗe yagewa ce. Jijiyar da ke riƙe da gaɓa ta tsage, ƙananan hanyoyin jini sun fashe, jini na tsiyaya a ciki. Shi ne kumburin da kake gani. Zafi buɗe hanyoyin jini yake yi, murza kuma tana ƙara yaga abin da ya fara haɗuwa. Wanda ya gasa sabon targaɗe a daren farko ya ƙara masa kumburi ne da hannunsa.

Man zafi a ƙarƙashin ɗauri mai tsauri, balle a bi shi da tsumman ruwan zafi, yana ƙona fata har ta yi bororo. Hukumar abinci da magunguna ta Amurka ta yi gargaɗi a kan irin wannan ƙuna tun 2012. Sannan mayar da yaro fili don raɗaɗi ya lafa ba taimako ba ne. Ciwon nan shi ke hana shi taka ƙafar da ba ta iya ɗaukarsa ba. Ka rufe ciwon, ya taka, ƙaramar yagewa ta zama babba, abin da zai warke cikin mako biyu ya cinye masa kakar wasa.

Abin yi shi ne a fitar da shi daga wasa nan take. A naɗe ƙanƙara a tawul, ko ledar ruwan da ta daskare, a ɗora minti 15 zuwa 20, a maimaita bayan kowace awa biyu zuwa uku, na kwana biyu. Ba a ɗora ƙanƙara a kan fata kai tsaye. A ɗaura bandeji mai talewa daga wajen yatsu zuwa sama, sassauƙa yadda ɗan yatsa zai shiga ƙarƙashinsa, a kwance shi lokacin barci. A ɗaga ƙafar a kan matashi ta fi ƙirji tsawo. Jel ɗin diclofenac yana da amfani a nan, a shafa sama-sama ba tare da murza ba. Gashi da tausa sai bayan kwana uku, in kumburi ya fara sauka.

Amma kafin duk wannan, ka tabbata targaɗen ne. Idan yaro ya kasa yin taku huɗu, ko ka danna ƙashin idon sawu ya yi ƙara, ko gaɓar ta karkace, ko yatsu suka yi sanyi, suka canza launi ko suka mutu, to kada ka shafa komai. Ku wuce Asibitin Koyarwa na Jami'ar Jos (JUTH) ko asibiti mafi kusa a ɗauki hoton ƙashi a ranar.

Maganar ɗori kuma, na san mutane sun saba, kuma kuɗin hoto ba wasa ba ne. Sai dai hannu ba ya bambance tsagewar ƙashi da targaɗe. Ɗaurin karare da ake tamkewa a kan ƙafa mai kumbura yana iya tsayar da jini, naman ya mutu, a ƙare da yanke ƙafa. Duk ɗaurin da ciwo ke ƙaruwa a ƙarƙashinsa, a kwance shi yanzu, a zo asibiti. Kada a jira gari ya waye.

Sanyin Jos da asuba sai a hankali. Man zafi zai iya maye gurbin motsa jiki kafin wasa?

A'a. Fata kawai yake ɗumamawa, tsoka tana nan a sandare. Minti 10 zuwa 15 na sassarfa da miƙe gaɓoɓi ba su da madadi.

Ɗan wasana yana da olsa. Zai iya shafa jel ɗin? Wasu kuma suna haɗawa da ƙwaya.

Abin da ke shiga jini daga jel kaɗan ne, kusan kashi 6 cikin 100 na abin da ƙwaya ke kaiwa, shi ya sa ya fi sauƙi ga ciki. Duk da haka mai olsa, mai ciwon ƙoda, mai asma da mai shan maganin tsinka jini su tambayi likita tukuna. Mace mai ciki a watanni ukun ƙarshe ba ta shafawa sam. Kada a haɗa shi da ƙwayar diclofenac ko ibuprofen bisa raɗin kai. In ƙwayar da kake nufi tramadol ce, don Allah ka tsaya tsayin daka ka hana. Tana sa farfaɗiya da jaraba, kuma hukumar yaƙi da shan ƙwayoyin ƙara kuzari a wasanni ta duniya (WADA) ta haramta ta a lokacin gasa tun 1 ga Janairu, 2024.

An ce baƙin mai ko kananzir na busar da ƙujewar da ake samu a filin tsakuwa.

Haba jama'a! Man inji a kan ɗanyen nama? Ƙona wurin zai yi, ya kuma tura datti ciki. Man zafi da jel ma ba a sa su a buɗaɗɗen rauni. A wanke da ruwa mai tsabta da sabulu, a fitar da ƙasar, a rufe da bandeji mai tsabta, a tambayi yaron yaushe aka yi masa allurar tetanus ta ƙarshe. In wurin ya yi ja, ya fara ruwa, ko zazzaɓi ya shigo, a kawo shi asibiti ba tare da ɓata lokaci ba.